Shigar Isra'ilawa Ƙasar Kan'ana: Yadda Malaman Kirista Ke Fassara Labarin, da Inda Suka Rabu

Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a watan Oktoban 2023, wasu ayoyin Tsohon Alkawari waɗanda a da sai a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki ake jin su suka fito kasuwa. A ƙarshen watan nan Firaministan Isra'ila Benjamin Netanyahu ya ambaci Amalek, al'ummar da Tsohon Alkawari ya ce Allah ya umarci Isra'ila ta hallaka, a jawabinsa, lauyoyin Afirka ta Kudu kuma suka kai maganar gaban Kotun Duniya a birnin Hague cikin Janairun 2024, ko da yake ofishinsa ya ce Hamas yake nufi. A Yunin 2025 Sanata Ted Cruz na Amurka ya faɗa a wata hira cewa tun a makarantar Lahadi aka koya masa duk wanda ya sa wa Isra'ila albarka zai sami albarka. Daga nan musu ya sauko har kan wayoyin mutane, wannan ya liƙa aya, wancan ya liƙa hoton kufan gidaje, kowa na cewa littafin na bayansa.

Tushen yawancin wannan ce-ce-ku-ce labari ɗaya ne: yadda zuriyar Yakubu suka haye Kogin Urdun suka zauna a Kan'ana, kamar yadda littafin Joshuwa da farkon Littafin Mahukunta suka bayar. Abin da ke rikita mai karatu shi ne ana dafa tambayoyi uku a tukunya ɗaya. Shin abin ya faru kamar yadda aka rubuta? In Allah ne ya umarta, yaya za a fahimci kashe mata da yara? Sannan alkawarin ƙasar yana nan da ransa har gobe, ko ya cika ya wuce? Mutum kan tsaya kai da fata a ta farko, a ta uku kuma ya sassauta. Sai an raba su ake gane wa ke musu da wa, kuma a kan me.

Abin da littafin ya ƙunsa

Labarin bai fara da Joshuwa ba. A Farawa sura 12 Allah ya kira Ibrahim ya bar ƙasarsu, ya yi masa alkawarin zai ba zuriyarsa Kan'ana. A sura 15 aka ƙara bayani cewa zuriyar za ta yi shekara 400 a baƙuwar ƙasa, ba za ta dawo ba sai muguntar Amoriyawa ta cika mudu. A riƙe wannan 'yar jimla, domin a kanta wani babban rukuni na malamai suka kafa hujjarsu.

Bayan fitowa daga Masar da shekara 40 a jeji, Musa ya rasu a ƙetaren Urdun yana hangen ƙasar daga Dutsen Nebo. Baransa Joshuwa ɗan Nun ya gaje shi. Musulmi sun san shi da Annabi Yusha'u, kuma Suratul Ma'ida ta kawo labarin yadda mutanen Annabi Musa suka ƙi shiga ƙasa mai tsarki har aka haramta musu ita shekara 40.

Littafin Joshuwa sura 24 ne. Sura 1 zuwa 12 na haye kogi ne da yaƙe-yaƙe: Yariko, Ai, yaƙin kudu, yaƙin arewa, aka rufe da jerin sarakuna 31 da aka ci. Daga 13 zuwa 21 rabon gado ne, iyaka bayan iyaka, gari bayan gari, har da biranen mafaka 6 domin wanda ya yi kisa ba da gangan ba, da garuruwa 48 na Lawiyawa. Wannan kashi ya kusa kamo na yaƙin a tsawo, amma da wuya ka ji an yi wa'azi a kansa.

Kalmomin da sai an gane su

Kan'ana ba ƙasa ɗaya ba ce mai sarki ɗaya. Yanki ne da ya haɗa inda Isra'ila da Falasɗinu da Lebanon suke a yau, da wani sashe na Siriya da Jodan, cike da ƙananan birane kowanne da sarkinsa, yawancinsu a ƙarƙashin inuwar Fir'auna. Wasiƙun Amarna da aka gano a Masar a 1887 sun nuna sarakunan Urushalima da Shekem da Magiddo suna rubuta wa Fir'auna, kowa na kai ƙarar maƙwabcinsa.

Kalmar da ta fi tayar da ƙura ita ce *herem* ta Ibrananci. Saiwarta ɗaya da "haram" ta Larabci wadda Hausa ta ara. Ma'anarta abin da aka keɓe wa Allah, aka raba shi da hannun ɗan Adam. A fagen yaƙi tana nufin babu ganima, babu bayi, a hallaka komai. Joshuwa 6:21 ta ce a Yariko an karkashe maza da mata, yara da tsofaffi, har shanu da tumaki da jakuna. Maimaitawar Shari'a 7 da 20 ne suka kafa dokar, suka ambaci al'umman da ta shafa, suka kuma faɗi dalili: kada su koya wa Isra'ila bautar gumakansu.

Sai kalmar gado. A tunanin littafin ƙasar ba ta Isra'ila ba ce, ta Allah ce. A Littafin Firistoci 25:23 Allah ya ce kada a sayar da gona har abada, domin ƙasar tasa ce, su kuwa baƙi ne da ke zaune a wurinsa. A 18:28 ya gargaɗe su cewa in sun ƙazantar da ita za ta amayar da su kamar yadda ta amayar da na gabansu. Kyauta ce mai sharaɗi, ko kuwa maras sharaɗi? A nan gizo ke saƙar a tambaya ta uku.

Inda littafin ke ja da kansa

Wanda ya karanta a tsanake zai ci karo da wani abu. Joshuwa 10:36-37 ta ce an ci Hebron, ba a bar ko mutum ɗaya da rai ba. A sura 14 sai ga Kalibu, tsoho mai shekara 85, yana roƙon a ba shi wannan yanki domin ya kori Anakawan da ke can, a sura 15 kuma ya je ya kore su. Sura 11:23 ta ce Joshuwa ya ci ƙasar duka, ƙasa ta huta da yaƙi. Sura 13 ta buɗe da Allah yana gaya wa Joshuwa cewa ya tsufa, ga kuma ƙasa mai yawa da ba a mallaka ba. Sura 15:63 ta yarda cewa mutanen Yahuza sun kasa korar Yebusiyawa daga Urushalima. Littafin Mahukunta sura 1 kuwa kusan jerin gazawa ce: kabila kaza ba ta kori mutanen gari kaza ba, na kwari sun gagara domin suna da karusan ƙarfe, Kan'aniyawa suka ci gaba da zama a tsakiyarsu.

Wanda ya haɗa littafin ya ga waɗannan ayoyi gefe da gefe, bai goge ko ɗaya ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai karatu ya tambayi yadda marubucin da kansa ya fahimci kalmar "duka".

Akwai kuma yadda aka jera mutanen labarin. Bakan'aniya ta farko da aka ba baki a littafin ita ce Rahab, karuwar Yariko, wadda ta ɓoye 'yan leƙen asiri a ƙarƙashin ƙasheshen rama a kan soro, ta ɗaura jan zare a tagarta, ta tsira da iyayenta da 'yan'uwanta. Ba'isra'ile na farko da aka yi dogon labari a kansa bayan faɗuwar Yariko shi ne Akan, ɗan kabilar Yahuza, wanda ya binne alkyabba da azurfa da zinariya a cikin alfarwarsa, aka hallaka shi da gidansa. Ta waje ta shiga, na ciki ya fita. Gibeyonawa ma da dabara suka sami alkawarin zaman lafiya, da tsofaffin takalma da busasshiyar gurasa, aka kuma cika musu shi. Kafin a kai ga Yariko, a 5:13-15, Joshuwa ya ga wani mutum da takobi zare, ya tambaye shi ko yana wajensu ne ko wajen abokan gabansu. Amsar da ya samu ita ce a'a, shi sarkin yaƙin rundunar Ubangiji ne, Joshuwa ya tuɓe takalmansa. Malamai da yawa na ganin wannan "a'a" a matsayin mabuɗin littafin.

Abin da aka tono a ƙasa

Ko lokacin da abin ya faru ba a daidaita a kai ba. Masu bin lissafin 1 Sarakuna 6:1, wadda ta ce shekara 480 ce tsakanin fitowa daga Masar da fara ginin Haikalin Sulemanu, suna sa shigar a wajen 1406 kafin haihuwar Almasihu. Wasu kuma suna kai ta ƙarni na 13, zamanin Fir'auna Ramses na Biyu.

A Yariko, Baturen Ingila John Garstang ya yi tono daga 1930 zuwa 1936, ya ga rusasshiyar ganuwa da toka, ya ce ta zamanin Joshuwa ce. Kathleen Kenyon ta dawo daga 1952 zuwa 1958 da hanyar bincike mafi tsauri, ta ce an ƙone garin tun wajen 1550 kafin haihuwar Almasihu, kuma a lokacin da ake zancen Joshuwa babu birni mai ganuwa a wurin. A 1990 Bryant Wood ya sake duba tsingaron tukwanen ya goyi bayan Garstang, amma yawancin masu wannan ilimi sun tsaya a kan maganar Kenyon. A Ai lamarin ya fi wuya. Tonon Joseph Callaway ya nuna tudun ya yi shekara sama da dubu ba kowa har zuwa wajen 1200 kafin haihuwar Almasihu, kuma sunan kansa yana nufin kufai. Masu kare labarin sun ce ba wannan tudun ba ne Ai. Hazor ce ta fi dacewa da rubutun: babban birni ne, an ƙone shi ƙurmus a ƙarni na 13, an fille kawunan gumakansa. Amnon Ben-Tor da ya daɗe yana tono a can ya ce Isra'ilawa ne suka fi kama da masu aikin, wasu kuma suka ce tawayen cikin gida ne.

Abin da ba a musu a kansa shi ne a wajen 1200 ƙauyuka sama da 200 sun ɓullo a kan tsaunukan tsakiyar ƙasar, marasa ganuwa, marasa fada, masu gonakin gangare da rijiyoyin tara ruwan sama, kuma da ƙyar ake samun ƙashin alade a jujinsu, alhali ana samunsa a garuruwan Filistiyawa na bakin teku. Rubutaccen dutsen Fir'auna Merneptah na wajen 1208 kafin haihuwar Almasihu, wanda aka gano a 1896, shi ne rubutu mafi tsufa da ya ambaci Isra'ila, kuma ya ambace ta a matsayin jama'a, ba birni ba.

Daga waɗannan shaidu ra'ayoyi suka rabu. William Albright da almajiransa sun riƙe cewa mamaya ce daga waje. Bajamushe Albrecht Alt ya ce makiyaya ne suka riƙa shigowa sannu a hankali suna zama inda ba kowa. George Mendenhall a 1962 da Norman Gottwald a 1979 suka ce talakawan Kan'ana ne suka yi wa sarakunansu bore. Israel Finkelstein ya ce yawancin mutanen tsaunukan 'yan ƙasa ne tun asali. Game da rubuta littafin ma haka: tun 1943 Martin Noth ya kawo ra'ayin cewa Joshuwa zuwa Sarakuna aiki ɗaya ne da aka kammala bayan faɗuwar Urushalima a 586 kafin haihuwar Almasihu, wato an rubuta wa mutanen da suka riga suka rasa ƙasar suna neman dalili. Malamai masu riƙon gargajiya suna amsawa da cewa ayoyin da ke cewa Rahab na zaune a Isra'ila "har wa yau" alama ce ta tsohon tushe.

Daga Markiyon zuwa Kalbin

Damuwa da waɗannan surori ba ta zamani ba ce. A ƙarni na 2 wani attajirin jiragen ruwa mai suna Markiyon ya ce Allahn da ya umarci irin wannan yaƙi ba shi ne Uban Yesu ba, ya jefar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya. Ikkilisiyar Roma ta kore shi a wajen 144. Da ta ƙi wannan mafita, sai ya zama dole ta faɗi yadda za a karanta Joshuwa.

Amsar farko ta zo ta kan suna. A Helenanci, Joshuwa da Yesu suna ɗaya ne. Saboda haka aka ga Joshuwa a matsayin inuwar Almasihu: Musa, wato Shari'a, ya kawo jama'a bakin kogi, amma mai sunan Yesu ne ya haye da su. Haye Urdun ya zama hoton baftisma, jan zaren Rahab ya zama hoton jinin Almasihu, fassarar da ta bayyana tun a wasiƙar Kilemas na Roma a ƙarshen ƙarni na 1. Orijin na Iskandariya a ƙarni na 3 ya kai wannan hanya ƙarshenta. Ya ce da yaƙe-yaƙen nan ba misalin yaƙin ruhu ba ne, da manzanni ba su bar wa almajiran mai koyar da salama littattafan su karanta a majami'a ba. A wurinsa Kan'aniyawan da za a hallaka su ne fushi da girman kai da kwaɗayi da ke cikin zuciya.

Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya bi wata hanya a musunsa da mabiya Mani, wani addini da ya ƙi Tsohon Alkawari. Ya ce yaƙin da Allah da kansa ya umarta ba zai zama zalunci ba, tunda shi ke ba da rai, shi ya san abin da ya cancanci kowa. Jon Kalbin, wanda sharhinsa na ƙarshe a kan Joshuwa ne, ya fito a 1564 shekarar da ya rasu, bai ɓoye cewa kisan jarirai abin tayar da hankali ba ne, amma ya ce ba ɗan Adam ne zai zauna ya yi wa Allah shari'a ba. Hanyar Orijin da ta Agustin har yau su ne manyan koguna biyu da sauran ke shan ruwa daga gare su.

Matsayan malamai a yau

Rukuni mafi girma a majami'un bishara yana cewa hukunci ne na musamman, sau ɗaya, a wuri ɗaya. Allah ya yi haƙuri shekara 400, laifuffukan sun haɗa da ƙona 'ya'ya hadaya ga gumaka, kuma Maimaitawar Shari'a 9 ta gaya wa Isra'ila ƙarara cewa ba don adalcinta aka ba ta ƙasar ba. Da ita ma ta bi wannan hanya, Assuriyawa suka kwashe mulkin arewa na Isra'ila a 722 kafin haihuwar Almasihu, Babilawa suka rushe Urushalima a 586. Mudu ɗaya aka auna wa kowa. Masu suka suna tambaya: jaririn Yariko me ya yi? Suna kuma tunatarwa cewa yawancin abin da aka sani na laifin Kan'aniyawa daga bakin abokan gabansu ya fito.

Rukuni na biyu ya ce a fara sanin irin harshen da ake magana da shi. K. Lawson Younger a 1990 ya kwatanta Joshuwa da rubuce-rubucen yaƙi na Masar da Assuriya da Hittiyawa, ya ga salo ɗaya ne. Merneptah ya yi alfaharin cewa ya shafe Isra'ila, ba ta da sauran iri, ga shi kuwa tarihinta bai ma yi nisa ba a lokacin. Mesha sarkin Mowab, a dutsensa da aka gano a 1868, ya ce ya kashe mutum 7,000 a Nebo ya keɓe su ga allahnsa, da kalma mai saiwa ɗaya da *herem*, ya kuma ce Isra'ila ta hallaka har abada. Bahaushe ya san wannan harshe a kirari. In maroƙi ya ce sarkin yaƙi ya share gari bai bar ko kaza ba, ba wanda zai tafi ƙirga kaji. Paul Copan da Nicholas Wolterstorff sun ce haka ya kamata a ji "duka" na Joshuwa, shi ya sa mutanen Hebron suka sake bayyana. Suna ƙarawa da cewa ayoyi da yawa kora suke faɗa, Fitowa 23:30 ma ta ce kaɗan-kaɗan za a kore su. Tudun Yariko kansa bai wuce eka 10 ba. Wannan bayani yana da ƙarfi wajen warware karon ayoyin, amma yawan mamatan kawai ya rage. Umarnin Maimaitawar Shari'a 20:16, cewa kada a bar mai numfashi, yana nan a rubuce.

Rukuni na uku ya ɗauki sakamakon tonon ƙasa da gaske, ya ce labarin wa'azi ne aka zuba cikin siffar tarihi, domin a kira jama'ar zamanin Sarki Yosiya ko na bauta a Babila su rabu da gumaka. Kusa da wannan akwai koyarwar cewa Allah yana bayyana kansa mataki-mataki. Majalisar Vatican ta Biyu ta Cocin Katolika a 1965 ta ce littattafan Tsohon Alkawari sun ƙunshi abubuwan da ba su kammala ba, na ɗan lokaci, Fafaroma Benedict na 16 kuma a 2010 ya ce a karanta surori masu duhu da sanin zamaninsu da kuma hasken Almasihu. Matsalar ita ce ko da ba a yi kisan ba, rubutun ya nuna Allah yana umartarsa.

Na huɗu suka ce Yesu ne ma'auni. Wanda ya ce a ƙaunaci maƙiyi, ya kuma tsawata wa Yakubu da Yahaya da suka so kiran wuta a kan ƙauyen Samariyawa, shi ne cikakkiyar surar Allah. Duk hoton da ya saɓa masa, in ji Eric Seibert da Greg Boyd kowa da salonsa, fahimtar mutanen wancan zamani ce Allah ya jure. Ana zarginsu da shigo da Markiyon ta ƙofar baya, ana kuma nuna musu cewa Ibraniyawa 11:30 ta yabi faɗuwar Yariko a matsayin aikin bangaskiya, Bulus ma a Ayyukan Manzanni 13:19 ya ambaci hallaka al'ummai 7 bai nemi uzuri ba.

Babu matsayin da ya fita ba tabo. Sai dai duk huɗun sun haɗu a wuri ɗaya: babu wanda ya ce Kirista na yau yana da izinin ɗaukar makami bisa wannan labari. Na farkon ma, wanda ya fi riƙe tarihin, shi ya fi nanata cewa umarnin ya mutu tare da zamaninsa.

Sa'ad da aka fita da labarin filin daga

Tarihi ya nuna ba kullum aka tsaya a wannan iyaka ba. A mahawarar Valladolid ta 1550, Juan Ginés de Sepúlveda ya kafa hujja da hukuncin Kan'aniyawa don halatta yaƙar 'yan asalin nahiyar Amurka, Bartolomé de las Casas ya tsaya ya ƙi. A 1637 Turawan Ingila suka ƙone ƙauyen Pequot, 'yan asalin Amurka, a Mystic da ɗaruruwan mutane a ciki, ɗaya daga cikin kwamandojin kuma ya kare kansa da Nassi. Buwa, Turawan Afirka ta Kudu 'yan asalin Holan, bayan yaƙinsu da Zulu a ranar 16 ga Disamban 1838, sun gina tarihin kansu a kan hoton zaɓaɓɓiyar jama'a da ƙasar alkawari. La'anar da Nuhu ya yi a Farawa 9:25 a kan Kan'ana ta faɗa, amma aka juya ta kan baƙar fata don halatta cinikin bayi.

Labarin nan kuma shi ne bayi baƙaƙe a Amurka suka riƙe. Frederick Douglass ya rubuta cewa in suna waƙar Kan'ana, jihohin arewa suke nufi, inda babu bauta. Daren da ya rage a kashe shi a Afrilun 1968, Martin Luther King ya ce ya hau dutse ya hango ƙasar alkawari. Abin ya dangana ga inda mai karatu ya ajiye kansa a labarin. A 1989 Robert Warrior, ɗan ƙabilar Osage ta 'yan asalin Amurka, ya ce shi in ya karanta, a cikin Kan'aniyawa yake ganin mutanensa.

Alkawarin ƙasa a yau

A nan ne rabuwar ta fi taɓa siyasa. John Nelson Darby a ƙarni na 19 ya koyar da cewa shirin Allah ga Isra'ila daban, ga ikkilisiya daban, koyarwar da Littafi Mai Tsarki mai bayanan Scofield na 1909 ya yaɗa a Amurka. Mabiyanta suna kafa hujja da Farawa 17:8, wadda ta kira ƙasar mallaka ta har abada, da Romawa 11:29, cewa Allah ba ya janye kyautarsa. A wurinsu kafuwar Isra'ila a 1948 da kama Gabashin Ƙudus a 1967 cikar annabci ne.

Ɗaya ɓangaren, wanda ya fi daɗewa a tarihin ikkilisiya, yana nuna Joshuwa 21:43-45, inda aka ce babu alkawari ko ɗaya da ya faɗi ƙasa, duk sun cika. Yana kuma nuna yadda Sabon Alkawari ya faɗaɗa maganar: Romawa 4:13 ta ce duniya Ibrahim zai gāda, Galatiyawa 3:29 ta ce na Almasihu su ne zuriyar Ibrahim, Ibraniyawa 4:8 ta ce da Joshuwa ya ba su hutu na gaske da ba a yi zancen wata rana ba. Abokan musunsu suna kiran wannan tauhidin maye gurbi, suna tunatar da irin ƙiyayyar Yahudawa da ya haifa a Turai, gargaɗin da ba na rainawa ba ne.

Cocin Katolika ta tsaya tsakani. Tun 1965 ta ƙi koyarwar cewa Allah ya yar da Yahudawa, amma a wata takarda ta 1985 ta ce a duba ƙasar Isra'ila da manufofinta da ma'aunin dokokin ƙasa da ƙasa. Kiristocin Falasɗinu kuwa a jikinsu tambayar take. Naim Ateek, limamin Anglika da aka kori iyalinsa daga Beisan a 1948 yana ɗan shekara 11, ya bayyana yadda Tsohon Alkawari ya yi wa jama'arsa wuyar ji a coci tun daga lokacin. A 2009 shugabanninsu suka fitar da takardar Kairos, suka ƙi duk fassarar da ke mai da alkawari takardar mallakar fili. Ko cikin masu cewa alkawarin na nan daram akwai masu jan hankali ga Ezekiyel 47:22, wadda ta ce baƙin da ke zaune a ƙasar su ma a ba su gado tare da kabilun.

Abin da ya shafi mai zama a benci

Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932, kuma yaron makarantar Lahadi yakan san zagaya Yariko sau 7 kafin ya iya karatu. Joshuwa 6:21, mai zancen karkashe mutanen garin, ita ce ba a cika kaiwa ba. Ranar da ya girma wani ya nuna masa ita a Facebook, in bai taɓa jin cewa malamai sun yi shekara kusan 1,900 suna fama da ita ba, zai ɗauka ɓoye masa aka yi.

A addu'ar dare ana kiran rashin aiki ko rashin haihuwa ko ciwo ganuwar Yariko, ana roƙon ta faɗi. Wannan hanyar Orijin ce, ko da mai addu'ar bai taɓa jin sunansa ba, kuma tana tafiya da Afisawa 6:12, cewa kokawar ba da nama da jini ba ce. Haɗarin yana zuwa ne in Bakan'ane ya sami fuska da ƙabila. A wuraren da rikicin gona da kiwo da zancen ɗan ƙasa da baƙo ya ci rayuka, kamar Filato da Binuwai da Kudancin Kaduna, mutumin da ya binne nasa zai iya jin "mallaki ƙasar" da wani kunne dabam. Shi ya sa abin da fasto ya faɗa game da iyakar umarnin yake da nauyi fiye da ra'ayinsa a kan Kenyon ko Garstang. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda Boko Haram ta mamaye hedkwatarta a Kwarhi a Oktoban 2014, ta gāji al'adar karanta Tsohon Alkawari ta hasken Huɗubar Kan Dutse da ƙin ramuwa, kuma an gwada ta a kan wannan koyarwa da jinin membobinta.

Masu zuwa ziyarar ibada daga Nijeriya sukan bi ta Yariko. Garin Falasɗinawa ne a Yammacin Kogin Jodan, Ariha suke ce masa, yana cikin na farko da aka miƙa wa Hukumar Falasɗinawa a 1994. A cikin gari ana nuna wa baƙi wata bishiya da ake dangantawa da Zakka, mai karɓar harajin da ya hau bishiya domin ya ga Yesu. A kan tudun kuwa, abin da ya fi fitowa fili a ƙasan ramin da Kenyon ta haƙa shi ne hasumiyar dutse mai matakala a ciki, wadda ta girmi Joshuwa da shekara sama da 6,000. A Satumban 2023 UNESCO ta sa tudun cikin wuraren tarihi na duniya da sunan Falasɗinu, Isra'ila kuma ta yi watsi da matakin.